Denis Burkitt: Likitan Da Ya Zana Taswirar Sankarar Yara Da Fam 25

Hausawa na cewa abin da ya baka tsoro wata rana shi zai baka tausayi, haka nan abin da aka raina wata rana shi ake nema ruwa a jallo. A shekarar 1958 wata mujallar likitocin tiyata ta ƙasar Ingila mai suna British Journal of Surgery ta buga wata gajeriyar maƙala mai shafi shida, wadda wani likitan gwamnati da ke aiki a Kamfala ta ƙasar Yuganda ya rubuta a kan wani ƙari da ke fitowa a muƙamuƙin yaran Afirka. Maƙalar ta fito, ta kwanta, kusan babu wanda ya waiwaye ta. A yau kuwa da wuya a buɗe wani babban littafin koyar da ilimin sankara ba a tarar da sunan marubucinta ba, wato Denis Parsons Burkitt, domin da sunansa ake kiran cutar a ko'ina cikin duniya.

Dalilin da ya sa na ga ya dace a waiwayi tarihin wannan bawan Allah a wannan shafi shi ne, aikinsa ya shafe mu kai tsaye, musamman mu mazauna bakin iyaka irin Illela, sannan akwai darasi a cikinsa ga malaman jami'o'inmu da likitocinmu, a wannan zamani da ake auna darajar mai bincike da yawan maƙalun da ya buga da kuma yawan waɗanda suka ambace shi.

An haifi Burkitt ranar 28 ga Fabrairun 1911 a yankin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ayalan. Mahaifinsa, James Burkitt, injiniyan safiyo ne na gunduma, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne nazarin tsuntsaye, domin yana cikin mutanen farko da suka riƙa sanya wa tsuntsu zobe a ƙafa don su gane shi, su kuma zana taswirar iyakar wurin da kowanne yake zama. Ko shakka babu, a gida ɗan ya koyi ɗabi'ar lura da abu, da rubuta shi, da ɗora shi a kan taswira. Yana ɗan shekara 11 wani yaro ya jefe shi da dutse a makaranta, ya rasa idonsa na dama, ya ƙare rayuwarsa da ido ɗaya.

A 1929 ya shiga Kwalejin Trinity da ke Dublin da niyyar karanta injiniyanci kamar mahaifinsa, daga bisani ya sauya zuwa likitanci, ya kammala a 1935, sannan ya samu shaidar ƙwarewa a aikin tiyata daga Edinbura a 1938. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, kuma burinsa shi ne ya yi aiki a ƙasashen da likitoci suka yi ƙaranci. Da ya nemi aiki a ma'aikatar lafiya ta mulkin mallaka sai aka ƙi ɗaukarsa, aka kafa hujja da larurar idonsa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa ƙofa, inda ya yi aikin likitan soja a Kenya da Somaliya da Silon, wadda a yau ake kira Siri Lanka. Bayan yaƙi sai gwamnatin da ta ƙi shi ta ɗauke shi, ta tura shi Yuganda a 1946.

Garin Lira da ke gundumar Lango aka fara kai shi, wani ƙaramin asibiti a cikin karkara. A nan ya lura cewa cutar gwaiwa mai tara ruwa ta fi yawa ƙwarai a gabashin gundumar fiye da yammacinta, ya tattara bayanan marasa lafiya 200, ya buga su a mujallar The Lancet a 1951. Wannan ita ce tambayar da ta zauna masa har ƙarshen rayuwarsa: me ya sa cuta take yawa a wannan wuri, ta yi ƙaranci a wancan? A 1948 an mayar da shi asibitin Mulago da ke Kamfala, wanda shi ne asibitin koyarwa na Kwalejin Makerere.

A 1957 wani abokin aikinsa, Dokta Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu, haƙoransa suna girgiza. Burkitt ya ɗauki hoto ya rubuta abin da ya gani. Bayan 'yan makonni, a asibitin garin Jinja, sai ya hangi wani yaron da irin wannan kumburi, da ya duba shi kuma ya tarar har da ƙari a cikinsa. Daga nan ya koma ɗakin ajiyar takardun asibiti yana bin tsofaffin fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yaran da suka zo da ƙarin muƙamuƙi sau da yawa suna da wani a ƙoda, ko a ƙwan mahaifa, ko a bayan ido, kuma kowanne ana ba shi suna daban gwargwadon inda ya fito. Shi kuwa sai ya ce cuta ɗaya ce take bayyana a wurare da yawa. Yara 38 ya tattara a maƙalar tasa ta 1958.

Adalci ne a faɗa cewa ba shi ya fara ganin wannan ƙari ba. Likitan mishan Albert Cook, wanda ya kafa asibitin Mengo a 1897, ya rubuta irinsa a cikin kundinsa tun farkon ƙarni na 20. A nan Nijeriya ma, wasu likitoci biyu a Legas, Smith da Elmes, sun buga nazarin ƙari 500 a 1934, kuma sun ambaci wanda ke kama muƙamuƙin yara. Bambancin Burkitt da su shi ne ya haɗa abin da yake warwatse, kuma bai tsaya a maƙala ɗaya ba.

Me ya sa maƙalar farko ba ta yi tasiri ba? Na farko, an buga ta ne a mujallar likitocin tiyata, alhali masu binciken sankara ba su cika karanta ta ba. Na biyu, shi kansa bai san ainihin nau'in ƙarin ba a lokacin. Abokan aikinsa masu nazarin tsoka a ɗakin gwaje-gwaje, Greg O'Conor da Jack Davies, su suka tabbatar cewa sankara ce ta ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa. Da Burkitt da O'Conor suka sake buga bayanin a 1961 a mujallar Cancer ta ƙasar Amurka, wadda masana fannin ke karantawa, nan take duniya ta juyo. Ashe ba ingancin bincike kaɗai ke sa a ambace shi ba, har da kasuwar da aka kai shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi ban sha'awa. Da tallafin fam 10 da wani na fam 15, jimilla fam 25, ya buga takardu masu ɗauke da hotunan yaran da 'yan tambayoyi, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka ta gidan waya, yana tambaya ko sun taɓa ganin irin wannan. Amsoshin da suka dawo ya riƙa kafe su da allura a kan taswirar da ya rataye a bango, har suka fitar da wani ɗamara da ya ratsa tsakiyar nahiyar daga yamma zuwa gabas, da jela da ta gangara ta gaɓar gabas. A watan Oktoban 1961 shi da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mako goma, suka ziyarci asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka, domin su gano daidai inda cutar ta tsaya.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. A kusa da tsakiyar duniya ba a samun cutar a wuraren da tudunsu ya haura ƙafa 5,000, kuma da ana yin kudu sai iyakar tudun ta riƙa saukowa. Ma'ana, sanyi ne ke tsayar da ita, domin ba ta zama a inda ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 15 ko 16. A 1962 ya zo Afirka ta Yamma, ya shiga Nijeriya da Gana. A nan ya tarar cutar ta zama ruwan dare a kudancin Nijeriya mai dausayi, amma a ƙasar Kano, duk da cunkoson jama'arta, da ƙyar ake ganinta. Daga nan ya fitar da sharaɗi na biyu, cewa cutar na buƙatar ruwan sama da ya haura inci 20 a shekara, wato kimanin milimita 500.

Zafi da damshi su ne abin da ƙwari ke so, don haka aka fara zargin cewa wata ƙwayar cuta ce da sauro ko wani ƙwaro ke ɗauka. A ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex da ke Landan, kuma cikin masu sauraro akwai wani matashin masani mai suna Anthony Epstein, wanda ya roƙe shi ya riƙa aiko masa da yankin ƙarin ta jirgin sama daga Kamfala. Kusan shekara uku ana aikowa ba a ga komai ba. A watan Disamban 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgi zuwa Mancesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da ke ciki ya yi duhu kamar ya lalace. Da Epstein ya duba sai ya ga ƙwayoyin sankarar ne suka saki jiki suna yawo a raye, kuma daga nan aka samu hanyar renonsu a ɗakin gwaji. A watan Maris na 1964 Epstein da Bert Achong da Yvonne Barr suka buga a The Lancet cewa sun ga ƙwayar bairos a cikinsu. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam, kuma ita ake kira Epstein-Barr. A yau an san fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita, an kuma san tana da hannu a sankarar bayan hanci, har wani babban bincike na 2022 ya danganta ta da wata cutar jijiyoyi da ke addabar Turawa.

To, idan kusan kowa yana ɗauke da wannan ƙwaya, me ya sa yaran wasu wurare kaɗai ke kamuwa da ƙarin? A nan ne Burkitt ya nuna halin da ya kamata kowane mai bincike ya koya. A 1969 ya buga maƙala yana janye ra'ayinsa na farko, ya goyi bayan abin da Gilbert Dalldorf da wasu suka riga suka hango, cewa zazzaɓin cizon sauro mai naci shi ne abokin tafiyar ƙwayar. Hujjar kuwa ita ce, a tsibirin Zanzibar da birnin Kinshasa, inda akwai zafi da damshi amma aka yaƙi sauro sosai a wancan lokaci, cutar ta yi ƙaranci, alhali a Niyu Gini, can wata nahiya mai fama da zazzaɓin, ana samunta. Bayanin da masana suka tsaya a kai a yau shi ne, zazzaɓin da ke maimaita kansa yana tunzura ƙwayoyin garkuwar jikin yaro su yi ta rarrabuwa, bairos ɗin kuma tana hana waɗanda suka lalace mutuwa, har a samu kuskure a kundin halitta, inda wani yanki na kuromosom na 8 ke sauya wuri da na 14. An gano wannan sauyi a shekarun 1970, aka kuma gano ƙwayar gadon da abin ya shafa a 1982.

Nijeriya na da nata kaso a wannan tarihi, ko da yake ba a cika faɗa ba. Farfesa George Edington ya kafa rajistar masu sankara a Ibadan a 1960, kuma alƙalumanta ne suka nuna girman matsalar a tsakanin yaran yankin. A Ibadan ɗin dai Farfesa Pulvertaft ya reni ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Nijeriya a 1963, waɗanda har yau ake amfani da zuriyarsu a ɗakunan bincike na duniya da sunan Raji. Haka kuma Farfesa Victor Ngu, ɗan asalin Kamaru, ya yi gwajin magani a can.

Batun magani shi ne babban abin farin ciki. Wannan ƙari yana cikin mafi saurin girma a jikin ɗan Adam, domin yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma saurin nasa shi ne rauninsa. Burkitt a Kamfala, da Peter Clifford a Nairobi, da Ngu a Ibadan, sun gwada magungunan metotireset da saikulofosfamaid, suka ga ƙarin da ya cika fuska yana narkewa cikin 'yan kwanaki, wasu yaran kuma suka warke sarai bayan allura ɗaya ko biyu. Wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna cewa ana iya warkar da sankara da magani kawai ba tare da wuƙa ba. A 1972 aka ba Burkitt da Ngu da wasu masana lambar yabo ta Lasker a Amurka, kuma a shekarar aka zaɓi Burkitt cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila.

Da ya koma Landan a 1966 ƙarƙashin Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya, sai ya juya tambayarsa. Maimakon cututtukan da ke Afirka babu su a Turai, ya koma kan waɗanda ke Turai amma bai cika ganinsu a karkarar Afirka ba, irin su sankarar babban hanji, da afendis, da tsakuwar matsarmama. Ya ɗauki tunanin wani likitan sojan ruwa mai suna Peter Cleave, ya faɗaɗa shi, ya ce sirrin yana cikin dusar da injin niƙa ke cire wa hatsi. Maƙalarsa ta 1971 a mujallar Cancer ta shiga sahun waɗanda aka fi ambato a wannan fanni, kuma shi da Trowell sun fitar da littafi a kan batun a 1975. Ba duk abin da ya faɗa bincike ya tabbatar ba, domin wasu gwaje-gwajen da aka buga a Amurka a 2000 ba su nuna fa'idar da aka zata ba, amma manyan nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa cin hatsi da dusarsa da wake da ganye yana rage haɗarin sankarar hanji. Mu da muke barin tuwon gero da dawa da wake muna komawa farin fulawa da lemun kwalba, ya kamata mu yi tunani. Burkitt ya rasu ranar 23 ga Maris 1993 a Gulosta ta ƙasar Ingila, yana da shekara 82.

Yanzu sai mu dawo gida. Illela na zaune a kan iyaka biyu. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, tsakaninmu da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ta biyu ita ce ta taswirar Burkitt, domin ruwan saman da ake samu a wannan yanki bai yi nisa da milimita 500 ɗin da ya ambata ba. Sai dai rahotannin da likitocin asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato suka buga a shekarun baya sun nuna wannan cuta tana sahun gaba cikin sankarar yara a Arewa. Binciken ƙasa na 2021 kuma ya nuna jihar Kebbi ce kan gaba a yawan yara masu ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da kashi 49 cikin 100, Sakkwato da Zamfara suna biye a sahun farko. A ganina, ƙarancin da aka gani a Kano a 1962 yana da nasaba da fari, yana kuma da nasaba da ƙarancin asibitoci da rubutu a wancan zamani, domin taswira ba ta nuna komai sai abin da aka rubuta.

Matsalar rubutu kuwa har yau ba ta rabu da mu ba. Yaro zai tashi da kumburin kumatu a ƙauye, a ce hangum ne, ko ciwon haƙori, ko sammu, a kai shi wurin wanzami ko a cire masa haƙori, mako uku ya wuce. Daga nan wasu iyayen su nufi Sakkwato, wasu su tsallaka zuwa Ƙonni ko asibitin mishan na Galmi, kamar yadda mutanen Nijar ma ke shigowa namu ɓangaren. Yaron da ya fara jinya a wata ƙasa ya ƙare a wata, a kundin wa zai shiga? Wanda ya rasu a gida kuwa babu alƙalamin da ya san da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2030. Ba za a cimma wannan da yaran da ba a ƙirga ba.

Ga malamanmu na jami'a kuma, tun da Eugene Garfield ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964, sannan Jorge Hirsch ya kawo ma'auninsa a 2005, ƙarin girma ya koma hannun alƙaluma, har wasu na biyan kuɗi ga mujallun bogi don kawai a tsawaita jerin maƙalu. Da a ce da wannan mudu aka auna Burkitt a 1960, da an ce likitan karkara ne marar tasiri. Bai da ɗakin gwaji, ido ɗaya gare shi, amma yana da kyamara da kundi da haƙurin aika wasiƙa. Likitan da ke babban asibitin ƙaramar hukuma a yau yana da waya mai ɗaukar hoto da intanet, abin da Burkitt bai taɓa mallaka ba.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jihar Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasa da ta fara aiki a 2023, su haɗa hannu da hukumomin lafiya na jihar Tawa, a samar da rajista ɗaya ta yaran bakin iyaka, a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani cewa kumburin muƙamuƙi mai saurin girma tare da girgizar haƙora abu ne da ake turawa asibitin koyarwa cikin kwanaki, a kuma ɗauke wa iyaye nauyin maganin, domin tsada ce ke sa da yawa su gudu da yaro ana tsakiyar jinya. Iyaye kuma su riƙe gidan sauro da maganin rigakafin da ake rabawa yara da damina. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa shugabanninmu su ji.